Waiwaye: Yadda Iska Ta Zama Abokiyar Gabar Injin Jirgin Da Ke Ajiye

Tun bayan annobar korona ake ta kai-kawo tsakanin masu gyaran jiragen sama kan tambaya guda: jirgin da zai kwana ɗaya ko biyu a fili, dole ne a toshe bakin injinsa a ɗaure fankarsa, ko sai wanda zai yi watanni? Masu bin muhawarar da yawa sun ɗauka a 2020 abin ya ɓullo, lokacin da aka jibge jirage sama da 16,000 a wurare irin su Teruel ta Sifen da Alice Springs ta Ostireliya. Ai maganar ta girmi korona da shekara hamsin.

Jiragen fasinja na jet na farko, Comet a 1952 da Boeing 707 a 1958, bakin injinsu ɗan tsuke ne. Ana rufe shi saboda ƙura da tsuntsaye, iska kuwa ba ta da wurin kamawa sosai.

Inda labarin ya juya, wanda kuma ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne tsakanin 1968 da 1970. A lokacin ne injin TF39 ya ɗaga jirgin soja C-5 Galaxy, sannan JT9D ya ɗaga Boeing 747 da fanka mai faɗin kusan mita 2.4. An samu sauƙin shan mai da raguwar ƙara, kowa ya yi murna. Amma fanka mai wannan girma faifai ce da aka miƙa wa iska. Ga kuma inda gizo ke saƙar: fankar tana kan sandarta daban, famfon man inji kuwa wata sandar ce ke juya shi. Idan inji a kashe yake, iska na iya wuni tana juya fanka, boris ɗin da sandar fanka ke juyawa a kai na gudu, ba ɗigon sabon mai da ke isa gare shi. In ta bugo ta baya ma, sai fankar ta riƙa juyawa a baibai.

Wanda ya taɓa hawa jirgi ta tsani, a Kano ko wani wuri, wataƙila ya ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga bakin injin. Fukafukan fanka ne. Da gangan ake barinsu da ɗan sako-sako a gurbinsu, sai inji ya ɗau gudu suke kafewa. A juyin iska, kowanne sai ya hau sama ya faɗo gefe, gindinsa na gugar gurbin, man da aka shafa masa na gogewa. Na minti kaɗan ba komai ba ne. Na makonni fa, balle da hazon hunturu yana cusa ƙura a kowace kafa?

Daga nan fanka ba ta daina girma ba: ta injin GE90 ta kai mita 3.25, ta GE9X mita 3.4. Maganin dai bai canza ba, murfi a gaba, toshi a baya, ɗamara ta riƙe fanka, a kuma juya hancin jirgi inda iska ba za ta yi ɓarna ba. Abin da ke damuna shi ne yadda aka bar wannan aiki a matsayin ƙaramin abu. Murfin inji mai mita uku ba na mutum ɗaya ba ne, sai da tsani da mutum biyu ko uku, ga jirgin da ake son ya tashi da asuba.