Ƙa'idar kashi 85 da yadda fasalin titi ke tsara gudun direba

A ƙasashe da dama, musamman Amurka, an daɗe ana tsayar da iyakar gudu ta hanyar auna direbobin kansu. Injiniyoyi sukan auna gudun motoci a lokacin da babu cunkoso, su gano gudun da kashi 85 cikin ɗari na direbobi ba sa wucewa, sannan su rubuta adadin da ke kusa da shi a allo. Hujjarsu ita ce yawancin direbobi masu hankali ne, kuma dokar da ta yi nisa da abin da jama'a suka saba yi ba za ta samu biyayya ba.

Sai dai direba yana auna haɗari ne da abin da idonsa ya gani, ba da lambar da ke allo ba. Titi miƙaƙƙe mai faɗi, wanda kowane layinsa ya kai mita 3.6 kuma aka kawar da bishiyoyi daga gefensa, yakan kwantar wa mutum da hankali har ya ƙara taka totur bai sani ba. Idan aka matse layin, aka jera bishiyoyi, aka bar motoci a fake a gefe, wannan direban yakan sassauta da kansa, domin yana tsammanin wani zai iya ɓullo masa. A nan ne ƙa'idar take da rauni, domin da zarar an faɗaɗa titi gudu ya ƙaru, awon da za a sake yi zai ba da hujjar ɗaga iyakar, alhali mai tafiya a ƙasa, wanda shi karo ya fi yi wa illa, ba ya cikin lissafin tun farko.

A 2017 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta nemi a rage dogaro da wannan awo, kuma littafin ƙa'idojin alamun hanya da aka sabunta a 2023 ya buƙaci a duba yanayin wurin da tarihin haɗurransa. Majalisar Suwidin kuwa tun 1997 ta amince da manufar da ta ɗora wa masu tsara hanya wani kaso na alhakin rayukan da ake rasawa. Bisa wannan manufa, inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, gudun da ake nema shi ne kilomita 30 a awa, kuma ana tabbatar da shi da shataletale, da matsattsun layuka, da mashigar ƙafa da aka ɗaga sama da titi.