Waiwaye: Yadda taurari suka shiga gwagwarmayar 'yancin mata a ƙasashen Yamma

Tushen sassaucin ra'ayi a siyasar Turai shi ne cewa kowane mutum yana da haƙƙi a karan kansa, kuma ba a mulkar jama'a sai da yardarsu. Amma da aka zo aiwatarwa sai aka bar mata a waje. Bayan juyin juya halin Faransa, Olympe de Gouges ta wallafa sanarwar haƙƙin mata a 1791, aka fille mata kai a 1793. A Ingila kuma Mary Wollstonecraft ta kafa hujja a 1792 cewa rashin ilimi ne ya danne mata, ba ƙarancin hankali ba.

Magana ta isa majalisa a 1867, lokacin da ɗan majalisa John Stuart Mill ya nemi a gyara dokar zaɓen Birtaniya ta haɗa da mata. 'Yan majalisa 73 kacal suka mara masa baya. Abin da akan manta shi ne, masu sassaucin ra'ayin ma kansu a rabe yake. Firaminista Herbert Asquith na jam'iyyar Liberal ya yi shekaru yana adawa da ƙuri'ar mata, kuma gwamnatinsa ce ta yi dokar 1913 da ke ba da damar sakin fursunonin mata masu yajin cin abinci idan sun galabaita, a sake kamo su da zarar sun murmure. New Zealand ta riga su ba mata ƙuri'a tun 1893. Birtaniya ta ba matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin mallaka ƙuri'a a 1918, ta daidaita su da maza a 1928. Amurka ta yi nata gyaran tsarin mulki a 1920.

Tun a wancan zamani masu suna suka shigo. A 1908 'yan wasan dandamali mata suka kafa ƙungiyarsu ta neman ƙuri'a a Landan, suna shirya wasanni, suna tara kuɗi, suna koya wa masu fafutuka yadda ake sarrafa murya a gaban taro. 'Yan kasuwa ma ba su yi barci ba. A 1929 Edward Bernays, wanda kamfanin taba ya ɗauka aiki, ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a jerin gwanon Ista a New York, aka tallata wa jaridu abin a matsayin alamar 'yanci. Ko a yau masu suka daga cikin masu fafutukar wannan misalin suke kawowa idan suka ga taken 'yancin mata a jikin riga ko turare.

Daga baya harkar ta koma kotu da majalisa: dokar daidaita albashi ta Amurka a 1963, haramta wariyar jinsi a wurin aiki a 1964, hukuncin Kotun Ƙoli da ya halatta zubar da ciki a 1973. Gyaran tsarin mulki na daidaita haƙƙin maza da mata kuwa, wanda majalisa ta amince da shi a 1972, ya maƙale a wancan lokaci da amincewar jihohi 35 alhali 38 ake buƙata. 'Yan fim da dama sun yi masa kamfe, amma Phyllis Schlafly, mai ra'ayin riƙau da ke adawa da gyaran, ta fi su sanin inda ƙuri'ar take: ta bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya da matan gida da ta tara.

Zamanin intanet ne ya kai taurari sahun gaba. Tarana Burke ta fara amfani da taken Me Too, wato "Ni Ma", tun 2006 wajen taimakon 'yan mata baƙar fata da aka ci zarafinsu, duniya ba ta ji ba. A Oktoban 2017, bayan jaridar New York Times ta bankaɗo zarge-zargen cin zarafin mata da ake wa furodusa Harvey Weinstein, jaruma Alyssa Milano ta rubuta taken a Twitter, cikin kwanaki ya karaɗe duniya. Wata guda bayan haka ƙungiyar matan da ke ƙwadago a gonakin Amurka ta aike wa matan Hollywood wasiƙar goyon baya, tana tuna musu cewa talakawa ma suna shan irin wannan ba tare da kyamara ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar Time's Up a Janairun 2018, da asusun biyan lauyoyi ga matan da ba su da hali.

A nan ne ake ganin inda tsarin yake da rauni. Ƙungiyar da ta dogara da manyan mutane tana da kusanci da masu mulki, kusancin kuma yakan ɗaure mata hannu. A 2021 ta bayyana cewa wasu shugabannin Time's Up sun ba ofishin gwamnan New York, Andrew Cuomo, shawara a lokacin da mata ke zarginsa da cin zarafi. Suka yi murabus, ƙungiyar ta daina aiki a farkon 2023. Asusun lauyoyin ne ya tsira, domin tun farko a hannun wata cibiyar shari'a ta mata aka ajiye shi. Haka kuma dokoki biyu da aka sa wa hannu a 2022 suna nan: ɗaya ta hana kamfani tilasta wa ma'aikaciya kai ƙarar cin zarafi gaban mai sasanci a asirce, ɗayar ta rage ƙarfin yarjejeniyar rufe baki da aka sa hannu kafin rikici ya taso. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973, duk da kururuwar mawaƙa da 'yan fim.

A fagen zaɓe ma tasirin ba ɗaya ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta cewa goyon bayan Oprah Winfrey, tauraruwar talabijin, ya ƙara wa Barack Obama ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a zaɓen fid da gwani na 2008, inda 'yan jam'iyya guda ke zaɓa tsakanin nasu. A babban zaɓe kuwa yawancin jama'a sun riga sun ɗauki ɓangare. A Satumban 2024 mawaƙiya Taylor Swift ta goyi bayan Kamala Harris, mutane fiye da 400,000 suka bi ta saƙonta zuwa shafin gwamnati na rajistar zaɓe cikin kwana guda, amma a Nuwamba Donald Trump ne ya lashe dukkan jihohi bakwai da ake takaddama a kansu.