Sifirin gaba da baya ba shi ne ingancin keke ba

Sabon mahayi yakan hango keken hawan dutse mai sifirin gaba da baya, ya ce ai wannan ne na gaske. A keke mai araha, ba haka ba ne. Sifirin ɗin bayan zallar ƙarfe ne, babu man da zai danne tsallensa. Kana taka feda a hawa, keken yana lotsawa yana shanye ƙarfinka. Ga nauyi, ga kusoshin mahaɗarsa masu saurin sakwarkwacewa. Kuɗin da aka kashe wa sifirin ɗin bayan kuwa, daga birki da giya aka zaftare shi.

Ni dai shawarata, nemi mai sifirin gaba kaɗai, jikin alminiyam, birkin faifai, giyar kamfanin Shimano. Ko na hannu ne ba laifi, amma hau ka gwada tsayinsa kafin ka biya.