Koyon kodin ga mai zanen wasannin bidiyo

Koyon kodin ga mai zane shi ne mutumin da sana'arsa zane ce, ko fenti, ko motsa hotuna, ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni har ya iya haɗa wasan bidiyo da hannunsa. Wasan bidiyo yana tsayuwa ne a kan zane da sauti da manhajar da ke haɗa su. A manyan kamfanoni kowane ɓangare yana da mutanensa. A ƙaramin ɗakin aiki irin na Akara ko Kumasi kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da komai, don haka mai zanen da bai san kodin ba sai ya zauna jiran wani kafin zanensa ya motsa.

Abin da ake koyo

Mai zane ba ya bukatar duk abin da ake koyarwa a sashen ilimin kwamfuta. Tushen aikin kaɗan ne. Akwai ma'aji, wato suna da ake ba wata ƙima da ke canzawa, kamar yawan ran jarumi ko saurin gudunsa. Akwai sharaɗi: idan ƙafar jarumi tana ƙasa kuma an danna maɓalli, ya yi tsalle. Akwai maimaici, da kuma tara umarni da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya don a riƙa kiransu duk lokacin da aka so.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne yadda wasa yake tafiya da lokaci. Zanen takarda a tsaye yake, amma wasa yana sake zana allon gaba ɗaya sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Idan sau 60 ne, kwamfuta tana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ta duba abin da ɗan wasa ya danna, ta lissafa inda kowane abu ya koma, sannan ta zana. Wanda ya taɓa motsa hoto yana da riba babba a nan, domin ya riga ya san firam, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke samar da motsi, ya san cewa tsalle mai daɗin kallo yana farawa da ɗan durƙuso ya ƙare da saukowa mai nauyi. Masu kodin da yawa suna shan wahala kafin su gane wannan, shi kuwa idonsa ya sani tuni. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi wannan sanin da lambobi.

Lissafin ma ba mai tsoratarwa ba ne: matsayi a kan layin kwance da na tsaye, kusurwa, da tazara tsakanin abu biyu. Sai dai a kula, a manhajojin haɗa wasa da yawa lambar layin tsaye tana ƙaruwa ne idan ana yin ƙasa, shi ya sa jarumin masu koyo da yawa ke nutsewa cikin ƙasa a ranar da aka so ya yi tsalle.

Injunan wasa

Injin wasa manhaja ce da ta riga ta ɗauke aikin nuna hoto, sauti, da karon abubuwa. Unity ya fito a 2005, ana rubuta masa umarni da harshen C#, kuma ya yi ƙarfi sosai a wasannin waya. Unreal na kamfanin Epic Games yana aiki da C++, amma tun 2014 yana da tsarin Blueprint, inda ake jona akwatuna da layuka maimakon rubutu. Masu zane suna son wannan tsarin don ido yana ganin hanyar da umarni ke bi, sai dai Unreal yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma idan akwatunan suka yi yawa sai su harɗe kamar wayoyin lantarki a kan turken kasuwa.

Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki kyauta a 2014, shi ya fi dacewa da halin yawancin masu koyo a Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran 'yan arewa a biranen Gana. Ba shi da nauyi, saukar da shi ba ya cinye data, yana tashi a tsohuwar laftof, kuma ba a biyan kowa ko sisi daga abin da wasa ya samo. Harshensa GDScript ya yi kama da Python, wanda shi ne kuma ake amfani da shi a cikin Blender, manhajar ƙera hotuna da motsa su. Mutane da yawa sun koma gare shi a 2023, lokacin da Unity ya sanar da sabon kuɗi a kan kowace saukarwar wasa, matakin da ya janye a 2024. Ga yara da wanda bai taɓa taɓa kodin ba akwai Scratch na jami'ar MIT, tun 2007.

A Gana

Leti Arts, wanda Eyram Tawia ɗan Gana da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa a 2009, yana cikin kamfanonin wasa na farko a wannan yanki na Afirka. Ya gina aikinsa a kan labaran gargajiya, har da Ananse, gizon Akan wanda bai da nisa da Gizon tatsuniyar Hausa. Tawia ya karanta ilimin kwamfuta a jami'ar KNUST ta Kumasi, jami'ar da kuma take da tsohuwar makarantar zane. A Akara akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kofi Annan, da MEST, makarantar horar da masu kafa kamfanonin manhaja da aka buɗe a 2008, kuma shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koyar da 'yan mata kodin a Nima.

Unguwannin Zango ba su rasa hannu ba. Daga Nima da Mamobi da Sabon Zango zuwa Aboabo da Asawase akwai masu rubuta allunan shaguna, masu zanen bango, masu tsara hoton biki da suna a kwamfuta, da masu zayyanar allo da ɗinkin wuyan riga. Abin takaici shi ne wannan basirar ba kasafai take shiga wasanni ba. Yaron Zango yana buga wasa a waya kullum, amma da wuya ya ci karo da jarumi mai hula da jamfa, ko ya ji ana magana da Hausa a ciki.

Wayar ce kuma alƙalin aiki, domin yawancin masu wasa a Gana a Android suke yi, kuma ba mai tsada ba. Hoto mai faɗi da tsawo fiksel (ɗigon allo) 1024 yana cin megabayit 4 na ƙwaƙwalwar na'ura idan ba a matse shi ba. Mai 4096 yana cin 64. Mai zanen da ya san wannan zai haɗa ƙananan hotunansa a faifai ɗaya, ya rage girman abin da ido ba zai kula da shi ba, tun kafin waya ta fara zafi tana cijewa. Ɗauke wuta, wato dumsor, shi ma ya sa ajiye aiki da Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, ya zama dole, don yana riƙe kowane mataki a koma masa idan abu ya lalace.

Hanyar koyo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da babban wasan da mutum ya daɗe yana mafarki. Na biyu shi ne bin bidiyon darasi ana kwafa layi bayan layi, har wata shida su wuce mutum bai iya rubuta komai shi kaɗai ba. Yaron shago ba ya ƙwarewa da kallon maigida kawai, sai an miƙa masa buroshi ya ɓata allo ya gyara. Haka kodin. Mai zane yana da nasa tarkon na musamman: yakan ɓata makonni yana ƙawata jarumi alhali wasan bai fara motsi ba. Masu harkar suna fara gwaji da akwatuna marasa ado, sai wasan ya yi daɗi a hannu sannan a sa masa kaya.

Wasannin gida sun dace da aikin farko. Oware yana da ramuka 12 da ƙwaya 48, huɗu a kowane rami, kuma rarraba ƙwayar rami bayan rami darasi ne cikakke a kan maimaici. Dara tana koyar da sharaɗi, tunda sai manhaja ta gane cewa uku sun jeru. Bayan haka sai gasar haɗa wasa cikin ƙanƙanin lokaci, irin Global Game Jam da ake yi tun 2009, inda ake ba da awa 48.

Wanda ya haɗa zane da kodin yana iya zama gada tsakanin ɓangarorin biyu a kamfani: ya rubuta wa masu zane kayan aiki, ya sa wa jarumi ƙasusuwan motsi, ya rubuta ƙananan manhajojin da ke lissafa launi da haske don ruwa ya yi ƙyalli ko ƙurar hunturu ta rufe gari. Wanda kuma ya fi son fitar da wasansa da kansa yana iya ɗora shi a shafin wasanni na itch.io kyauta, ko ya biya dala 25 sau ɗaya ya buɗe asusu a Google Play.