Tsara maƙalar bincike da miƙa ta ga mujallar kimiyyar polima

Tsara maƙalar bincike da miƙa ta ga mujallar kimiyyar polima aiki ne da ya ƙunshi rubuta sakamakon gwaji bisa ƙa'idojin da mujallar ta shimfiɗa, da aika shi ga edita, da amsa tambayoyin masanan da za su tantance shi kafin a buga. Polima sinadari ne mai dogayen ƙwayoyi, inda ƙananan ƙwayoyi da ake kira monoma suke jere suna maimaita kansu kamar 'ya'yan carbi a zare. Ledar ruwan sha, da bututun PVC, da nailan, da auduga, da sitacin rogo, da ƙaron da ake tsinta a jikin dakwara, dukkansu polima ne.

Asalin fannin da manyan mujallunsa

A shekarar 1920 ne Bajamushen masanin sinadarai Hermann Staudinger ya wallafa ra'ayinsa cewa roba da makamantanta dogayen sarƙoƙi ne na gaske, ra'ayin da takwarorinsa da dama suka ƙi karɓa da farko, sai daga baya ya samu lambar yabo ta Nobel a kansa a 1953. Da fannin ya tsaya da ƙafarsa sai ya samu mujallun kansa. An fara buga Journal of Polymer Science a 1946, Polymer ta kamfanin Elsevier ta fito a 1960, Macromolecules ta Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka a 1968, ita kuwa Polymer Chemistry ta takwararta ta Ingila a 2010. Kowace tana da abin da ta fi karkata gare shi, don haka binciken da ya shafi sitaci ko ƙaro yakan fi dacewa da Carbohydrate Polymers. Zaɓen mujalla kafin a fara rubutu shi ne daidai, domin edita yakan mayar da maƙalar da ta kauce wa fagen mujallarsa ba tare da ya kai ta gaban masu tantancewa ba.

Bayanin samfuri

A nan ne maƙalar polima ta bambanta da ta sauran sinadarai. Kowace ƙwayar ruwa nauyinta ɗaya da 'yar'uwarta, amma a cikin samfurin polima guda akwai sarƙoƙi gajeru da matsakaita da dogaye, saboda haka faɗin sunan polimar kaɗai bai isa ya gaya wa mai karatu abin da aka gwada ba. Ana buƙatar marubuci ya kawo matsakaicin nauyi iri biyu, wato Mn da ake lissafawa bisa yawan sarƙoƙi, da Mw da ake lissafawa bisa nauyinsu. Idan aka raba Mw da Mn sai a samu adadin da ke nuna yadda tsawon sarƙoƙin ya bambanta. Alal misali, samfurin da Mw ɗinsa 30,000 ne, Mn kuma 20,000, adadinsa 1.5 ne, kuma adadin ba ya taɓa yin ƙasa da 1. A 2009 hukumar IUPAC, wadda ke daidaita sunaye da alamomin sinadarai a duniya, ta ba da shawarar a riƙa nuna shi da alamar Đ.

Na'urar da aka fi auna wannan nauyi da ita ita ce GPC, wadda ake kuma kira SEC, mai rarrabe sarƙoƙi bisa girmansu. Wajibi ne a faɗi ruwan da aka narka samfurin a ciki, da zafin da aka yi aikin, da polimar da aka daidaita na'urar da ita, domin alƙaluman da aka samu bayan daidaitawa da polistirin kwatance ne kawai idan samfurin wata polima ce dabam. Haka nan a gwajin DSC, wanda ke nuna zafin da polima ke sauyawa daga tauri zuwa laushi, ana faɗin saurin ɗumamawa, wanda galibi digiri 10 ne a minti, tare da bayyana ko daga ɗumamawa ta farko ko ta biyu aka ɗauki adadin. A gwajin TGA kuma, wanda ke auna nauyin da samfuri ke rasawa yayin da zafi ke ƙaruwa, ana faɗin ko cikin iskar nitirojin aka ɗumama samfurin ko cikin iskar da muke shaƙa. Maƙalar da ta dogara da FTIR kaɗai, wato gwajin da ke auna hasken infrared da samfuri ke sha, wajen da'awar cewa an haɗa sabuwar polima tana da rauni ƙwarai, kuma masu tantancewa suna da gaskiya idan suka nemi shaidar NMR, gwajin da ke amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin ƙwayar sinadari, tun da FTIR yana nuna nau'in haɗin da ke cikin samfuri ne, ba ya tabbatar da yadda sarƙar take.

Tsarin rubutu

Maƙalar takan fara da take da sunayen marubuta da tsakure, sai gabatarwa, da bayanin gwaji, da sakamako tare da tattaunawa, da kammalawa. Dogayen jadawalai da zane-zanen na'ura sukan koma cikin fayil na ƙarin bayani. Mujallun Ƙungiyar Amurka suna neman ƙaramin hoto da ke taƙaita aikin, wanda bai wuce faɗin inci 3.25 da tsayin inci 1.75 ba, yayin da yawancin mujallun Elsevier ke neman muhimman batutuwa 3 zuwa 5, kowanne bai wuce haruffa 85 ba.

Miƙawa da tantancewa

Ana miƙa maƙala ta intanet, ta manhajoji irin su Editorial Manager da ScholarOne, tare da wasiƙa zuwa ga edita da ke bayyana sabon abin da aikin ya zo da shi. Mujallu da yawa suna neman lambar ORCID, shaidar mai bincike mai lambobi 16 da aka fara bayarwa a 2012. Haramun ne a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, kuma ana bin rubutun da manhajar gano satar fasaha. Idan edita ya gamsu, yakan tura wa masana biyu ko uku, daga nan hukunci ya fito: karɓa, ko ƙaramin gyara, ko babban gyara, ko ƙi. Marubuci yakan amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya, yana nuna shafin da ya gyara, kuma yana da damar ƙin wata shawara muddin ya kawo hujja cikin ladabi.

Halin masu bincike a Katsina

Malamai da ɗaliban sinadarai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna zaune ne a tsakiyar polimomin da ƙasa ke samarwa, irin su ƙaro da audugar yankin Funtuwa da zaren rama. Wannan babbar dama ce, sai dai tana zuwa da nauyi. Ƙaron da aka saya a kasuwa yana iya zama gauraye daga itatuwa dabam-dabam, don haka maƙala mai inganci takan faɗi sunan itacen a kimiyyance, da garin da aka samo ƙaron, da lokacin shekara, da yadda aka tsabtace shi aka busar, har da lemar da ta rage a jikinsa, domin ƙaron rani da wanda ya sha damshin damina ba za su ba da sakamako ɗaya a ma'auni ba. Idan an kai samfuri wata jami'a don auna shi, kamar yadda akan yi da gwaje-gwaje masu tsada, ya kamata a karɓo sunan na'urar da yanayin aikinta tare da sakamakon, tun kafin a manta.

Batun kuɗi ma yana da muhimmanci. Mujallun da ake karantawa kyauta sukan caji marubuci, amma da yawa daga cikin tsofaffin mujallun polima ba sa karɓar ko kwabo idan marubuci ya zaɓi a buga aikinsa don masu biyan kuɗi su karanta mujallar. Mujallar da ta aiko da saƙon gayyata tana alƙawarin bugu cikin 'yan kwanaki bayan biyan kuɗi abar tuhuma ce, kuma kafin a aika mata komai ana duba sunanta a cikin kundayen mujallun da aka tantance, kamar Scopus ko DOAJ, ko AJOL idan ta Afirka ce.