Hoton kare a fili: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da na fara bin mafarauta daji da kyamara lokacin rani, tambayoyin nan ake ta jefo mini, yau wannan, gobe wancan. Ga amsa sau ɗaya, kowa ya huta.

Me ya sa hoton karena ke fitowa dishi-dishi?

Shotarka, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga kyamara, ba ta da sauri. Kare a zaune, 1/250 na daƙiƙa. Yana tafiya, 1/500. Yana gudu, 1/1000 zuwa sama. In kuwa irin dogayen karnukan Azawak ne masu tsere da zomo, fara daga 1/2000. Ba lensinka ba ne, ba kuma maita ba ce.

Ina zan murɗa maɓallin saman kyamara?

Tv a Canon, S a Nikon da Sony. Kai ka zaɓi saurin shota, kyamara ta ji da sauran. Ka bar koren nan na otomatik, bai san kare zai zabura ba.

Ba a ce ISO mai yawa yana ɓata hoto ba?

Haba malam! Wannan tsoron ya kashe hotuna fiye da ƙurar hunturu. ISO lamba ce da ke ƙara wa hoto haske in ka ɗaga ta, amma mutum zai maƙale a ISO 100 ana dab da magariba, shota ta sauka 1/60, sannan ya zo yana tambayata me ya faru. Hoton da ya yi ɗan yashi-yashi ana tace shi a kwamfuta. Wanda motsi ya shafe kuwa sai dai a goge. Kai shi 800, kai shi 1600, ba abin da zai same ka.

Karena baƙi ne wuluk. Ko ya fito kamar inuwa, ko ya fito ruwan toka. Yaya zan yi?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kuma tun yanzu in gaya maka, ba lamba ɗaya da zan ba ka ta yi aiki ko'ina.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san kare ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, wato launin tokar nan da masu hoto ke kira kashi 18 cikin ɗari. Idan baƙin kare ya cika hoton, sai kyamara ta ɗauka duhu ne, ta ƙaro haske, karen ya koma kamar ya yi birgima a murhu. A nan ragewa za ka yi: danna maɓallin +/- ka sauka -2/3 ko -1. Amma idan karen ɗan ƙarami ne a tsakiyar farin yashin kogin da ya ƙafe, labari ya juya. Yashin ne zai ruɗi kyamara, ta rage haske, kare ya zama baƙin tabo ba ido ba baki. A nan ƙarawa za ka yi, +2/3, wani lokaci har +1. Kare ɗaya, rana ɗaya, amsa biyu masu karo da juna. Shi ya sa nake jin haushi in na ji wani yana cewa "baƙin kare kullum a ƙara masa haske". Wane kullum?

Akwai masu cewa a yi awon haske a tabo ɗaya a jikin karen. Yana yi, in ka tuna cewa awon zai so ya mayar da baƙin toka, sai ka rage da kanka, -1 ko fiye. Sai dai kare ba ya tsayawa. Tabon ya zame daga jikinsa ya faɗa kan yashi, lissafi ya rushe. Na taɓa ɓata safiya guda haka da karen wani mafarauci, hotunan suka fito wani fari fat, wani baƙi ƙirin, da ƙyar na iya kallon idon mutumin.

Abin da nake yi yanzu, in rana ba ta canzawa: na koma M, inda ni ke saita komai da hannu, na auna ƙasa ko ciyawar da hasken da ke kan karen yake sauka a kanta, na ɗauki gwaji ɗaya, na duba jadawalin haske mai kama da tsauni. Shi nake yarda da shi, domin allon kyamara a cikin rana maƙaryaci ne. In tsaunin ya manne a bangon hagu, na ƙara kaɗan. Wannan ma yana da iyaka: da karen ya ruga daga rana ya shige gindin darbejiya, saitin ya tashi aiki, sai an sake. Ƙyallin gashi ma yana shiga lissafi, don mai sheƙi yana mayar da rana, mai kaushi yana shanye ta. Saboda haka ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka samu abin gyarawa daga baya, ka kuma sa rana a bayanka ko gefenka, kada ta zama a bayan karen. In da fari da baƙi ne tare, ceci farin. Baƙin ana ɗan ɗago shi, farin da ya ƙone ba ya dawowa. Ko da duk wannan, wasu za su lalace. Nawa ma suna lalacewa.

Hancinsa ya fito tangaran, idon kuma bai fito ba.

Ka wangale ƙofar lensi har f/1.8 a kan dabba mai dogon baki, me kake jira? Koma f/4 ko f/5.6, ka ɗora saiti a ido. Yana gudu, sa AF-C, ko AI Servo in Canon ce, wato saitin da ke bin abu mai motsi.

Kyamarata tsohuwa ce, ba ta gane idon dabba.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. An yi shekaru ana ɗaukar karnuka kafin a ƙirƙiro wannan. Tabon saiti na tsakiya ya ishe ka. Durƙusa ka daidaita da tsayin karen, hoton zai fi na mai sabuwar kyamara da ke tsaye ƙiƙam.

Zan iya ɗauka da tsakar rana?

Za ka iya, amma don me? Inuwa ta yi kaifi, ƙasa ta yi zafi, kare ya zaro harshe yana haki. In dole ne, tsohuwar ƙa'ida ta ce rana tsaka f/16, ISO 100, 1/100, wanda daidai yake da f/5.6 a 1/800. Ni dai da sassafe ko bayan la'asar. Hazon hunturu yana tausasa haske da kyau, sai dai kada ka kuskura ka cire lensi a fili, ƙura za ta shige ciki.

Filasha fa?

A'a. Ga rana kyauta.

Da waya za a iya?

In yana zaune. Yana gudu, danne maɓalli ta jero hotuna, ka tsinci ɗaya.

Na ga wani kare mai kyau a unguwa, in matsa kusa?

Da izinin wa? Nemi mai shi tukuna, ka tambaya ko an yi masa allurar haukan kare. In ba a san mai shi ba, tsaya nesa da dogon lensi, 200mm ya isa. Kuma kada ka durƙusa gaban karyar da ke shayarwa, ko da hasken ya fi na kullum kyau.