Haihuwa ba ta yi wa 'yar ƙwallo ritaya

An daɗe ana cewa da zarar 'yar wasan ƙwallon ƙafa ta haihu, to ta rataye takalma ke nan, wai jikinta ba zai sake ɗaukar gudun minti 90 ba. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan magana ba.

Joy Fawcett, tsohuwar mai tsaron bayan Amurka, ta haifi 'yarta ta fari a 1994, ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1996, ta sake haihuwa, ta ɗauki Kofin Duniya a 1999. Lokacin da ta ƙara cin zinare a 2004, 'ya'yanta uku. Ita ma Alex Morgan, tsohuwar 'yar wasan gaban Amurka, ta haihu a watan Mayun 2020, kafin shekarar ta ƙare tana taka leda a Tottenham.

To me ya sa da yawa suka ɓace bayan haihuwa? Kwantiragi ne. Shekara da shekaru babu dokar FIFA da ta tilasta wa kulob biyan mai juna biyu, sai a tsayar da albashinta ko a ƙi sabunta mata yarjejeniya, a ɗora wa jikinta laifi. Sai a 2021, kuma abin ya yi latti matuƙa, dokar FIFA ta fara aiki: hutun haihuwa aƙalla mako 14, da kashi biyu bisa uku na albashi. Duk da haka sai da Sara Björk Gunnarsdóttir ta ƙasar Aisland ta kai ƙarar kulob ɗinta Lyon na Faransa gaban FIFA kafin aka umarci kulob ɗin ya biya ta sama da Yuro 82,000 da ya riƙe mata.